Yadda Na Jeme Ƙafar Matata

Ni baduku ne ɗan baduku, kuma kafin ubana ya zauna da basilla jima yake yi a bayan ganuwa, don haka warin ɗanyar fata shi ne turaren gidanmu tun ina cikin tsumman goyo. A Ƙofar Wambai aka haife ni, a nan na tsufa ina ɗinkin takalma da kube da jakar mafarauta. Boko kuwa, ajin yaƙi da jahilci na shiga da gemuna, na yi wata bakwai aka tashi canjaras, ban kashe jahilci ba, shi ma bai kashe ni ba. Amma in ana maganar fata, ban yarda akwai wanda ya fi ni sani a garin Bauchi ba. Wannan yarda da kai ce na ɗauka na je da ita kan ƙafar matata.

Shekara arba'in da 'yan kai muna tare. Mace ce mai ƙafa. Ba a yin suna ko biki ko rasuwa a cikin gari ba ta taka ta je ba, kuma ba ta hawa abin hawa sai in tafiyar ta fita ganuwa. Takalmin da zan ɗinka wa wasu ya shekara biyu, nata wata huɗu yake yi ya buɗe baki. Da ciwon suga ya kama ta likita ya hana ta zaƙi, ni kuma na zama ɗan sumoga. Sai in shigo da rake a hannun riga in ce iska ce ta jefo shi, mu sha muna dariya kamar yaran da suka saci gyaɗa. A hankali ta fara cewa tafin ƙafarta kamar a kan katifa take takawa, ba ta jin tsakuwa, ba ta jin zafin ƙasa. Na ce ai ci gaba ne, na huta da ɗinki.

Da damina ta tsaya sosai aka yi wa ɗan ƙanenta haihuwa a Inkil. Ta je suna, ta ratsa gonar masara don ta yanke hanya, ƙaya ta huda silifas ta shige ƙarƙashin babban yatsanta na dama. Ba ta sani ba. Ta ci tuwon suna, ta dawo, ta kaɗa mana miya, sai da ta idar da magariba na ga jini a dardumarta. Ta zare ƙayar da matsefata ta ɗaure da tsumma. Bayan kwana shida wurin ya kumbura ya fara ruwa. 'Yarmu ta fari, wadda ke aure a Gwallameji tana koyarwa a firamare, ta zo gaishe mu ta gani. Ko zama ba ta yi ba ta tare keke mai ƙafa uku ta kwashe mu zuwa ƙaramin asibitin unguwa.

A can na haɗu da malamar jinyar da kowa ke kira Sista. Gajeruwa ce, mutuniyar wajen Bogoro, Kirista, sa'ar 'yata ko ta ɗan girme ta. Ta ɗora ƙafar a kan benci, ta sa safar hannu, ta ɗauki almakashi ta shiga yanke farin naman da ya mutu a bakin mikin. Hujin da muka kawo bai fi ƙwayar wake ba. Kafin ta ajiye almakashi ya koma rami, babban yatsana zai shiga ya juya.

Na ce, "Sista, gyara muka kawo ko ƙari?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, mece ce sana'arka?"

"Dukanci."

"To in an kawo maka takalmi ya ruɓe a baki, a kan ruɓaɓɓen kake soka basilla?"

"Sai na yanke na kai ga mai kyau."

"Ashe abokin aikina ne. Matsa, ka tare mini haske."

Matata ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar muka zama abokan wasa da Sista. Ina shiga zan ce, "Ina mahauciyar?" Ita kuma ta ce, "Ga ta nan, ina mai rake?" domin uwar gida ta tona mini asiri tun a zuwa na biyu.

Kowane kwana biyu muke zuwa. Ta kwance bandeji, ta duba launin abin da ya jiƙa shi, ta ma shinshina. Ta wanke ramin da ruwan gishiri na asibiti, daga tsakiya zuwa baki, audugar da ta taɓa sau ɗaya ba ta komawa. Sannan ta jiƙa wani lallausan ƙyalle da zuma ta cusa a hankali har ƙasan ramin, ta rufe, ta naɗe. Nakan tsaya in ga zumar da aka hana baki ana ba ƙafa, in ce duniya ba adalci. Ta kafa mana doka: kada a taka, kada a jiƙa, kada a sha zaƙi. A ci wake da ƙwai da kifi da zogale, domin wai jiki ba ya gina nama da tuwo zalla.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ramin da ake bari a buɗe. Ni duk abin da ya yage haɗa bakinsa nake yi. Ran nan na ce mata, "Ki ba ni zare da allurarku mana, kafin ki ƙifta ido na rufe miki shi, ɗinkin da ko ruwa ba ya ratsawa."

Ta ce, "Baba, in ka ga rami a tsakar gidanka ka shimfiɗa tabarma a kai, ramin ya tafi?"

"Yana nan."

"To haka wannan yake. Daga ƙasa yake cikowa. In sama ta riga ƙasa rufewa, ƙazantar da ke ciki ba ta da ƙofar fita, sai ta nemi hanya ta ciki."

Ta sa na sunkuya ta nuna mini da tsinken auduga. A ƙasan ramin akwai wani jan nama mai ƙurji-ƙurji kamar cikin ɓaure. Ta ce shi ne sabon nama, shi muke lallashi, damshi yake so, in ya bushe ya daina tahowa. In ya ciko ya kawo baki, sai fata ta fara rarrafowa daga gefe, siririya, fara-fara, ita ma a kan damshi take tafiya. Bayan an rufe ma da saura, tabon sai ya yi watanni yana ƙarfi. Ta ce mai suga jininsa ba ya isa ƙafa da kyau, don haka abin da zai ɗauki wani sati biyu, ita zai iya ɗaukar ta wata uku. Na gyaɗa kai kamar na ji. Kunnena ya ji, amma hannuna bai yarda ba. A wurinmu fatar da ke ja tana damshi fata ce da ke hanyar ruɓewa. Sai ta bushe ta yi ƙarfi mutum yake barci.

Aka yi sati uku. Sista tana auna ramin da wata 'yar takarda mai layi-layi tana murna wai ya ragu. Ni da idona ban ga abin da ya ragu ba. Kuma tunda na ɗauki alƙalami bari in faɗi gaskiya, ba tausayin matata kaɗai ke damuna ba. Na gaji. An hana ta takawa, ni ke jan ruwa a rijiya, ni ke hura wuta, tuwona kuwa ko akuyar maƙwabta sai ta yi shawara kafin ta ci. Na gaji da zama a bencin asibiti a tsakiyar mata masu goyo, yarinya sa'ar 'yata tana koya mini abin da ake kira fata. A rumfa kuma abokan sana'a sun samu abin yi. Ina zama wani zai ce, "Sarkin dukawa, har yanzu ba a ɗinke ba? Ko mu zo da basilla?"

Sai ga shi mahaifin Sista ya rasu. Ta gaya mana za ta tafi gida jana'iza, za ta yi kwana goma ko fiye, abokin aikinta namiji zai ci gaba da wankin. Ta riƙe hannun matata ta ce, "Mama, ko ruwan sama ake da ƙanƙara kada ki fasa zuwa." Muka yi mata ta'aziyya muka fito.

A hanya na fara aikina. Na ce, "Yanzu ƙato ne zai ɗora ƙafarki a cinyarsa?" Ni da ban taɓa kishi ba ko a zamanin da take da abin yi wa kishi. Na san inda kunyarta take, can na taɓa, daga ranar kuwa ba mu koma asibiti ba.

Bagaruwa ita ce uwar jima. Da garin 'ya'yanta ake jiƙa ɗanyar fata ta tsuke, ta daina wari, ta zama abin da zai shekara ashirin. In wuƙa ta yanke mu muna yara, ubana garin yake barbaɗa mana, jini ya tsaya, kwana uku wuri ya kame. Hannuwana duk tabon irin wannan ne, ba wanda ya taɓa kai ni asibiti. Washegari da hantsi na zaɓo busassun 'ya'ya masu kyau, na cire ƙwallayen, na daka, na tankaɗe sau biyu da rariyar lailai har ya yi laushi kamar kwalli. Wallahi ban taɓa yi wa wani aiki tsafta irin ta ranar ba. Na kwance bandejin, na zaro ƙyallen zumar na jefar, na cika ramin da gari na danna da babban yatsa.

Ta ce, "Malam, Sista fa ta ce kada a saka komai."

Na ce, "Sista ta taɓa jeme ko fatar ɓera?"

Ta yi dariya. Na tambaye ta ko da zafi, ta ce ko kaɗan. Na ɗauki wannan a matsayin shaida, na manta cewa ƙafar da ba ta ji ƙaya ba, ba abin da za ta ji.

Kwana uku wurin ya bushe ya yi baƙi ya yi ƙarfi. In na ƙwanƙwasa da farce har ƙara yake yi. Ruwan da ke jiƙa bandeji ya ɗauke ƙaf. A rana ta huɗu ta miƙe ta tuƙa tuwo, na ci na sha miya na yi hamdala. A ta biyar ta taka zuwa barkar haihuwa a bayan layinmu. Ni kuma na je rumfa na baza baki, na ce abin da asibiti ya kasa a sati uku na gama shi a kwana uku, a kawo mini duk mai gyambo a garin nan. 'Yata ta kira a waya ta ce, "Baba, ana zuwa wankin kuwa?" Na ce, "Ana zuwa mana, jiya ma mun je."

Wajen kwana na tara zazzaɓi ya rufe ta da la'asar, tana rawar sanyi cikin zafi. Na ce na sauro ne, damina ce, na sayo mata ƙwayoyi. Ƙafar ta kumbura har idon sawu tana sheƙi, yatsan da ke kusa da babban ya fara duhu. Na duba ɓawon da na yi, yana nan daram, ko tsaga babu, sai na ce ai ba daga nan ba ne. An ce ɗakin yana wari tun lokacin. Ni ban ji ba. Hancin da ya tashi a marina da majema ya daɗe da yin ritaya. Ƙudaje sun ji, suna ta zagaye ƙafar, ina kora su da mafici ina zagin damina.

Ran Lahadi bayan azahar aka yi sallama a zaure. Sista ce, cikin atamfa da ɗaurin ɗankwali, daga coci take. Ta dawo ta tarar ba a gan mu ba tun tafiyarta, ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan baduku. Na tare ta da fara'a na ce, "Mahauciya, an dawo? Zo ki ga aikin manya." Tana kaiwa ƙofar ɗaki ta tsaya cik. Na ga hancinta ya motsa, fuskarta ta canza.

Ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar a kan atamfarta ta coci, babu safar hannu babu komai. Ta taɓa ƙwauri da bayan hannu, ta taɓa goshin matata. Sannan ta sa yatsa biyu ta danna gefen ɓawon. Ɓawon bai motsa ba, aikina bai ba ni kunya ba. Ta tsakanin yatsu mugunyar ta ɓullo, mai ruwan toka, ta gangaro kan atamfar.

Ta ce, "Wa ya saka wannan?"

Kafin in buɗe baki matata ta ce, "Ni ce, 'yar nan. Gajiya na yi da zaman ɗaki."

Sista ta dubi hannuwana. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Baba, je ka tare keke. Babban asibiti za mu." Iyakar abin da ta ce da ni ke nan. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

A babban asibiti likita ya ɓamɓare ɓawon a gabana, ya fita ɗungurungum kamar murfin kwalba. Ramin da na sani babu shi, ya zama kogo, ya bi jijiya ya yi ciki har ƙarfen da likita ya zura ya taɓa ƙashi. Aka sa mata ƙarin ruwa da allurai, aka cire yatsu biyu, aka ce a jira a ga inda baƙin zai tsaya. Kwana shida ina zuwa da safe in ɗaga mayafi in duba, kullum ya ɗan hau. Sista takan biyo bayan ta tashi aiki duk da ba asibitinta ba ne, ta gaida matata, ta gaida ni da "Baba, ina wuni," shi ke nan. Wasan mai rake ya mutu.

A rana ta bakwai likita ya kira ni da 'yata, ya ce in ana son ranta sai an cire ƙafar, taƙi ɗaya ƙasa da gwiwa. Matata ta dangwala yatsa a takarda. Aka miƙo mini tawada ni ma, na ce na iya rubutu. Na rubuta sunana harafi bayan harafi, kyakkyawa, ban taɓa rubuta shi da kyau haka ba. Ranar ce ajin yaƙi da jahilci ya yi mini rana.

Muna zaune a baranda ana aikin, 'yata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Baba, na tambaye ka a waya."

Na ce, "Kin tambaya."

"Inna ta ce wai ita ta saka. Inna da aka hana ta tsayuwa, wa ya daka mata? Wa ya tankaɗe?"

A nan ta tsaya. Tarbiyyar uwarta ce, ba ta ɗaga wa uba murya. Sai dai tun daga ranar in za ta ba ni ruwa, a ƙasa take ajiye kofin kusa da ni, ba ta miƙo mini a hannu.

Ban san ana ba mutum ƙafar ba sai da wani ma'aikaci ya fito da kwali ya ce wa ke da mara lafiya. Tana ciki a naɗe da farin ƙyalle. Na tari keke, mai keken ya ce, "Baba, kawo kayan a sa a baya." Na ce a'a, na rungume a cinya. Ta fi yadda nake zato nauyi. Shekara arba'in ina yanka wa ƙafar nan takalmi ba tare da na auna ba, na san inda diddigenta yake cin fata, na san ƙaramin yatsan da ke hawa kan ɗan'uwansa. Mai haƙar kabari ya yi mata ɗan rami a jikin katanga, ya ce ba a yi wa gaɓa salla, sai dai addu'a. Ya tambaye ni, "Haɗarin mota ne?" Na ce, "Suga ne." Ka ga ko a maƙabarta ban fasa ba.

Da aka sallame ta, 'yata ba ta yi shawara da ni ba. Motar mijinta ta zo ta wuce da ita Gwallameji. Aka ce can akwai famfo a ɗaki, kuma gidan Sista ba nisa, za ta riƙa biyowa wanki kafin ta wuce aiki. Hujjoji ne masu kyau, ba wanda ya faɗi ta gaskiyar. Na koma mai hawa keke kullum da safe, in je in zauna a kujerar roba a barandar surukina kamar mai jiran a ba shi aikin gadi.

An ɗinke dungulmin a asibiti, amma kusurwa ɗaya ta ƙi kamawa, ta buɗe ta zama rami. Sai aka koma gidan jiya: ruwan gishiri, ƙyalle, zuma, bandeji. Sati biyu ta taga nake leƙe. Ran nan Sista ta ɗaga murya ta ce, "Baba, wanke hannunka da sabulu ka zo ka riƙe mini kwano." Kwano kawai. Na riƙe shi kuwa kamar an ba ni tutar sarki.

A tsaye da kwanon nan na ga duk abin da na ƙi jira. Na ga jan naman nan mai kama da cikin ɓaure yana tahowa daga ƙasa, yau kamar jiya, jiya kamar shekaranjiya, sai ka yi sati ka ga tsinken auduga ya daina nutsewa yadda yake yi. Na ga bakin ramin yana tsukewa da kansa ba zare ba basilla. Na ga farar fatar tana rarrafowa daga gefe, siririya har kana tsoron numfashinka ya yage ta. In matata ta ci abin da bai kamata ba, sai wurin ya tsaya ya yi fari-fari na kwana biyu, Sista ta dube ni, in rantse da Allah ba ni ba ne, kuma a wannan karon gaskiya nake faɗi.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. Tana wanke hannu a famfon waje na ce, "Sista, amma bagaruwar nan tana warkar da yanka. Ga hannuna."

Ta duba ta ce, "Yankan sama ne, Baba, kuma jininka lafiya lau. Ko ba ka saka komai ba da ya warke. Fatar da kake jima ta riga ta mutu, so kake kada ta canza. Ta Mama tana da rai, so muke ta yi ta canzawa har ta rufe." Ta yarfe hannu ta ƙara da cewa, "Da an ci gaba da wankin nan, da wataƙila yanzu tana yawonta. Ban ce tabbas ba. Na ce wataƙila." Ina jin don ta sauƙaƙa mini ta faɗi wataƙilar nan. Ita ce kuwa ta fi hana ni sakewa.

Sati goma sha ɗaya ramin ya ɗauka. Ranar da ya rufe Sista ta kama yatsana ta ɗora a kan tabon. Santsi gare shi, ba gashi, ba ya gumi. Ta ce a riƙa shafa mai, a kiyaye shi da bugu, domin tabo ba ya taɓa kai ƙarfin fatar asali. Ta haɗa kayanta a jaka, matata ta yi ta sa mata albarka har da hawaye, ta ce Allah ya ba ta masu yi mata. Ta amsa da amin ta tafi aiki.

Bayan fitarta na matsa kusa na ce, "To, uwar gida, an warke. Yaushe za mu gida?"

Tana gyara sandunan da take koyon dogarawa ta ce, "Malam, can ban ɗakin na tsuguno ne. Ga dokin ƙofar nan mai tsawo."

A satin na kira magini. Aka fasa dokin ƙofar da ubana ya gina, aka shafe wurin da siminti, aka kafa abin zama a ban ɗaki, na sa aka ja ƙarfe a jikin bango tun daga ɗaki har madafa don ta riƙa dafawa. Na je na gaya mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Kai, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Bari sanyin nan ya wuce." Sanyi ya wuce ta ce zafi, can akwai fanka. Har yau ba ta taɓa ambatar bagaruwa ba, ko da wasa, ita da ba abin da ba ta mayar wasa. In baƙi suka zo dubiya suka tambaya, cewa take yi ƙaya ce ta taka a Inkil, ƙaddara ce. Kullum na je abincina na nan a kula, ta sa an ajiye mini, da man shanu yadda nake so.

Shekaranjiya na sake tambaya. Ta dubi sama ta taga, hadari yana haɗuwa ta gabas, ta ce, "Ka ga damina ta kama, lungunmu kuma ka san shi da taɓo. Ci abincinka kada ya huce."

Na ci, na wanke hannu, na fita na tari keken Ƙofar Wambai.